Kiɗa na Biyar

Asabar ɗin da ta wuce, bayan la'asar, wasu samari suka tare ni a ƙofar masallacinmu na Highbridge a New York ina neman takalmina. Ɗaya ya ɗaga min waya, ya ce wai yanzu akwai manhajar da za ka zuba mata tsohon sauti ta wanke shi fes kafin ka gama shan shayi.

"Baba Awudu, aikinku ya zama easy koraa," in ji shi. "Ka danna ɗaya, finish."

Na ce masa Allah ya yi albarka, na sa takalmina na wuce. Amma maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa na zauna nake rubuta muku wannan. Aikina shi ne ceto sauti daga tsohon tef kafin ya mutu. Na yi shi kusan shekara ashirin da biyar a wani ɗan shago a hawa na huɗu a Manhattan. Sana'ar tana da doka guda ɗaya da ta fi sauran: ba a kunna tsohon tef sai na'urar ɗauka tana aiki, domin jin farko yana iya zama na ƙarshe. Sau ɗaya na karya dokar nan, kuma wani kiɗa ya bar duniya ta hannuna. Labarin da zan ba ku ke nan, amma sai kun fara sanin aikin tukuna.

Kaset na farko da na gyara a Zangon Kumasi ne, a shagon kawuna. Muna kwafe wa'azi da waƙoƙin biki, mu sayar wa direbobi. In rediyon mota ya cinye kaset, sai direba ya kawo shi zaren ya zubo kamar hanjin kaza. In zaro shi a hankali, in naɗe da biro, inda ya tsinke in liƙe da jan farcen mata. Da wannan ilimin na iso New York, ina ganin ni gwani ne. Aikin kai saƙo na fara samu. Wata rana na kai kwali hawa na huɗun nan, na tarar da wani tsohon Bature yana zagin wani kaset da ya harɗe masa. Na ce ya ba ni biro. Ya tsaya yana kallon hannuna har na gama, sannan ya ce in dawo Litinin. Sunansa Walta. Bai taɓa iya faɗin Awudu ba, Odu yake ce min har ya mutu.

Na zo Litinin ina jiran a ba ni inji, aka ba ni tsintsiya. Wata huɗu ina shara ina goge ƙarafa da auduga da sifirit, ban taɓa tef ɗin kowa ba. Irin tef ɗin da ake aiki da shi a can ba kaset ba ne, babba ne, a naɗe a kan faranti mai faɗin faifan tuwo. Walta ya yanko min guntu ya ce in kankare da farce. Na kankare, wani gari mai launin ƙasa ya fita, ledar ta koma fara tas ana ganin yatsa ta cikinta. Ya ce, "Ledar ba komai ba ce, Odu. Sautin yana cikin garin nan. In garin ya zube, babu wanda zai mayar da shi." Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai reza, da farin fensir mai maiƙo na yin alama, da wani siririn salatif na musamman, da injin kansa, wanda ya girme ni kuma ya fi firji nauyi. A jikin injin akwai wani ɗan ƙarfe mai santsi da tef ke gogawa a kansa ya ba da sauti, muna ce masa hed. Amma manyan kayan aiki hanci ne da ido. Kafin ka ɗora tef a inji sai ka sunsuna shi. In ya yi warin tsami, ya fara ruɓa. Sai ka ɗaga shi a gaban fitila. In haske ya ratsa, tsohon yayi ne, mai karyewa kamar busasshen ganye. In bai ratsa ba, na baya-bayan nan ne, wanda kan yi danƙo, shi kuma gasa shi ake yi. E, gasawa. Muna da wata na'urar busar da 'ya'yan itace, a ciki muke sa shi ya wuni da ɗan ɗumi. Amma in ka kuskura ka gasa tsohon yayi, ka kashe shi. Ban san ko manhajarku tana da hanci ba.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Akwai kamfanonin faifai, akwai coci-coci, akwai zawarawa da 'ya'yan mamata. Wata tsohuwa ta taɓa kawo tef ta ce mijinta ne yake mata waƙa ranar aurensu. Na yi kwana biyu ina lallaɓa shi, da ya buɗe baki sai ga shi ita da mijin ne suke faɗa a kan wanda ya bar firji a buɗe. Na rasa yadda zan gaya mata. Ta saurara har ƙarshe, ta share ido, ta ce in yi mata kwafi uku.

To, akwai wani faifai da Walta ya horar da kunnena da shi. Ba zan faɗi sunansa ba, masu jin kiɗan jaz sun san shi kamar yadda kuka san hanyar gidanku. Mutum huɗu ne suka yi shi a farkon shekarun sittin, wata Lahadi da rana, a wani kulob na ƙarƙashin ƙasa da yanzu ya zama shagon sayar da waya. Shugabansu mai busa saksofon ne, wannan ƙahon ƙarfe mai lanƙwasa. Akwai mai fiyano, da mai ganguna, da mai bes. Bes wani ƙaton goge ne da ake tsayarwa a ƙasa, ya kai tsayin mutum, ana jan tsirkiyarsa da yatsa. Ba a ɗakin ɗaukar sauti aka yi ba, a gaban mutane aka yi suna ci suna sha, shi ya sa komai na ɗakin ya shiga.

Kowace safiya kafin mu fara aiki sai Walta ya sa shi, ya tambaye ni me na ji. Ranar farko na ce na ji mutum huɗu suna faɗa kowa ba ya sauraron kowa. Gaskiyata ke nan. Ni da na tashi da kalangu da goge, inda kiɗa ke da kai da ƙafa, na ɗauka mutanen nan ba su shirya ba ne. Ya ce gobe ma rana ce. Bayan wata biyu na ce na ji cokali yana kaɗawa a kofi. Bayan wata shida na ji jirgin ƙasa ya wuce ta ƙarƙashinsu a tsakiyar kiɗa na uku, na kuma ji mai gangunan ya ɗauki tafiyar jirgin ya sa a kiɗansa. Sai da na shekara kafin na ji numfashin mabushin, da ƙarar maɓallan ƙahon suna rufuwa, da wurin da ya nemi wata murya a sama bai same ta ba, ya dawo ya sake nema har ya kamo ta. Ranar da na faɗa wa Walta wannan, ya tashi ya miƙo min reza.

Daga nan faifan ya kama ni. A masallaci ban cika faɗin irin aikin da nake yi ba, in an tambaya sai in ce gyaran na'ura. Amma ba zan ɓoye muku ba, na so faifan nan. Sau biyu kamfanin da ke da shi ya aiko mana da asalin tef ɗin don a sake fitar da shi, kuma na biyun ni na ɗora shi a inji da hannuna.

Kiɗa huɗu ne a kai. Bayan na huɗu ana tafi, tafin ya lafa, sai ka ji mai bes ya ja tsirkiya sau biyu, dum, dum, sai faifan ya ƙare. Duk wanda ke sana'ar nan ya san wannan farkon wani kiɗa ne. Walta ya ce farantin tef ne ya cika, mai ɗauka ya yi sauri ya sa wani, kuma wannan na biyun bai taɓa isa kamfani ba. An neme shi shekara da shekaru. Wasu suka ce ya ƙone, wasu suka ce ba a ma ɗauka ba. Walta ya mutu yana cewa yana nan a ɗakin wani.

Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka bar min shagon in ci gaba. Aiki yana raguwa a lokacin, don kamfanoni sun gama kwashe abin da suke ganin zai sayu, sauran kuma sun bar shi ya ruɓe a sito. Ni kaɗai nake hawa benen nan in sauka. Sai ga shekarar da guguwa ta turo ruwan teku cikin gari. Ku kuna yara, wataƙila abin da kuka tuna shi ne an rufe makaranta. Mu a ƙasan Manhattan kwanaki muka yi babu wuta, kuma ranar da ta dawo, da ƙarfi ta dawo, ta ƙona kwamfutar da nake ɗaukar sauti da ita. Injin tef bai ji komai ba, tsohon ƙarfe ne. Na yi odar wata kwamfutar, aka yi ta ja min rai, har aka ce za ta iso ranar Alhamis.

Ranar Talata da hantsi Fuseini ya buga min waya. Fuseini ɗan ƙasarmu ne, ɗan unguwar Nima, yana zaune a Park Hill, yana tuƙa motar da ke kai marasa lafiya asibiti.

"Masa Awudu, kana shago?" ya ce. "Ina da wani old man a mota, ina kai shi wankin ƙoda. Ruwa ya shiga basement nashi, ɗakin ƙasa, a Port Richmond, ya ɓata kayanshi duka. Yana da irin tef naka ɗin nan. Na ce mishi ɗan'uwana na gyara. Mu taho?"

Na ce su taho. Fuseini ya hawo da shi hawa huɗun nan kusan a goye, ya zaunar da shi a kujerar Walta, ya ce zai sauka ya tsare mota kada a manna masa tikitin tara, minti ashirin kawai suke da shi. Tsohon baƙar fata ne dogo, ya haura tamanin, ya rame har kwat ɗinsa tana rataye a kafaɗa. Yana rungume da jakar leda. Abin da na fara lura da shi yatsunsa ne, na hannun dama biyu sun yi faɗi a kai kamar an daka su. Ya ce sunansa Klarens. Na dubi yatsun na sake duban fuskar, sai na miƙe tsaye, don akwai hotonsa a bayan kwalin faifan da na yi shekara ashirin ina ji. Shi ne mai bes ɗin, shi kaɗai ya rage a cikin huɗun.

Ya fito da kwali daga jakar. Ruwa ya wanke rubutun jikinsa, tawada ta zama shuɗin tabo. Ya ce yana da irinsu guda tara, takwas sun narke, wannan ne kaɗai ya fito da siffarsa, kuma bai san ko shi ne wanda yake nema ba. Na tambaye shi wanne yake nema. Ya ce a makon da suka yi wasan nan aka haifa masa 'ya. Ranar Lahadin, bayan kiɗa na huɗu, ya fara jan wani kiɗa da ya zo masa a rai a asibiti, mabushin ya ji, ya shiga, sauran suka bi. Ba su taɓa yin sa ba kafin nan, ba su kuma sake yi ba. Da aka tashi mabushin ya karɓi farantin daga hannun mai ɗauka ya ba shi, ya ce wannan na jaririya ne, ba na kamfani ba.

"Na ajiye in ba ta in ta girma," ya ce. "Da ta girma ba ma magana. Da muka shirya kuma ba ni da injin. Kullum sai in ce wata mai zuwa."

Na buɗe kwalin na sunsuna. Warin tsami da na ruwan teku suka buge ni. Na ɗaga a fitila, haske ya ratsa. Gefen tef ɗin ya yi lanƙwasa-lanƙwasa. Na tambaye shi yadda aka yi ya bushe, ya ce a kan hitar ɗaki ya ɗora shi kwana uku. Na gaya masa gaskiya, na ce tef ɗin nan yana bakin mutuwa, ya bar min shi, in yi sati biyu ina lallaɓa shi, kwamfuta ta zo, sannan mu kunna sau ɗaya muna ɗauka.

"Zan bar maka," ya ce. "Amma ka sa min farkonsa kawai, minti ɗaya, in san ko shi ne. In ba shi ba ne ka huta, ni ma in huta."

Na ce ba a yin haka. Na yi masa bayanin garin da ledar kamar yadda aka yi min.

"Ɗana," ya ce, "dube ni da kyau. Kai kana da sati biyu. Ni ban san ko ina da su ba."

A nan ne tarbiyya ta ci ni. Da Walta ne zai ce a'a, ya sa kwalin a kabad ya kulle, ko tsohon zai yi kuka. Ni kuwa a gidan da na tashi ba a ce wa mai furfura a'a sau biyu. Na faɗa sau ɗaya, bakina ya ƙi maimaitawa. Kuma kada in ɗora wa tarbiyya duka laifin, ni ma ina son in ji. Shekara ashirin ina jin dum, dum, ana yanke min. Na ce a raina minti ɗaya ba zai yi komai ba. Na goge hed, na zare tef ɗin a hankali na ɗora, na danna.

Da farko shuu kawai ake ji. Sai cokalin nan a kofi, wanda na sani kamar muryar maƙwabcina. Sai bes ya shigo, ya ɗora daga inda faifan ya tsaya. A hankali yake tafiya, kamar mai jijjiga goyo. Ya yi zagaye biyu shi kaɗai, sannan saksofon ya shigo daga ƙasa, da wata murya mai taushi da ban taɓa jin mutumin ya yi ba a duk faifansa. Mutanen ɗakin suka yi tsit, har cokalin ya daina.

Ban san minti nawa suka wuce ba kafin na sauke ido kan injin. A ƙarƙashin hed wani gari mai launin ƙasa yana zuba, siriri, ba ya tsayawa, ya fara taruwa a kan ƙarfen kamar garin yaji. Na dubi farantin da ke karɓa. Tef ɗin da ke naɗuwa a kansa fari ne tas. Hed ɗin yana karanta sautin yana kankare shi a lokaci guda.

Na kai hannun dama zan tsayar. Tsohon ya cafke min wuyan hannu. Ban san inda ya samo ƙarfin ba, yatsun nan biyu suka nutse a fatata.

"Yana mutuwa," na ce. "Duba, yana zubewa!"

"Na gani," ya ce, idonsa a rufe. "Bar shi."

Ina da hannun hagu. Wannan ne abin da nake kwana da shi nake tashi da shi. Maɓallin yana nan kusa da gwiwata, hannuna na hagu ba wanda ya riƙe shi. Da na danna, da mun rasa 'yan mintocin farko mun tsira da sauran, kuma akwai dabarun da za a iya gwadawa a kan abin da ya rage. Wayata ma tana aljihun kwat a bayan ƙofa, taku uku, da na ɗauko ta da an sami ko da inuwar kiɗan. Ban yi ko ɗaya ba. A daidai lokacin mabushin ya fara hawa, mai fiyano ya janye ya bar masa fili, ni kuma na tsaya kamar gunki ina sauraro, ina kallon garin yana taruwa. Ya kai minti goma sha ɗaya. A ƙarshe saksofon ya yi shiru ya bar bes shi kaɗai ya sauke kiɗan, aka ɗan yi jim kafin tafi ya tashi, wata mace ta yi dariya, sai jelar tef ɗin ta fita tana kaɗawa, fat, fat, fat.

Tsohon ya saki hannuna. Fuskarsa ta jiƙe, bai share ba. Ya ce, "Shi ne." Sai ga Fuseini ya turo ƙofa yana haki.

"Chale, ɗan'uwa, mun yi latti paa! Ya yi? An samu?"

Ya ɗaga tsohon suka fita. Na mayar da tef ɗin farko na sake kunnawa, ko da Allah zai sa wani abu ya rage. Babu ko shuu. Na ɗauko burushin goge hed na share garin a hankali a kan takarda, na juye a wata 'yar kwalbar magani. Bai kai cokalin shayi biyu ba. Kwamfutar ta iso ranar Alhamis kamar yadda aka ce.

Klarens bai ga ƙarshen sanyin shekarar ba, Fuseini ne ya gaya min. Ni kuma aikin ya fita daga raina. Duk tef ɗin da na ɗora sai in yi ta duba ƙarƙashin hed. Na ƙara 'yan shekaru ina ja, masu kawo aiki suna raguwa, kunnena na hagu ya fara wani kuka da ba ya tsayawa, har likita ya ce jin siraran muryoyi ya tafi ba zai dawo ba. Na rufe shagon. Injin Walta ba wanda ya so shi, masu gwangwan ne suka sauke shi daga bene da igiya. Yanzu ina zama a kantin wani Banijare a Bronx ina auna wa mata gari da busasshen kifi. In faifan ya zo a rediyo, ba na jin cokalin, ba na jin numfashin. Na san inda suke ne kawai.

Amma kafin in rufe, a bazarar da ta biyo bayan rasuwar tsohon, wata mata ta hawo benen. Ta kai hamsin, da kayan ma'aikatan jinya a jikinta, doguwa kamar shi. Ta ce sunanta Loreta, ita ce 'yar Klarens. A asibiti mahaifinta ya gaya mata akwai kiɗanta a wurin wani ɗan Afirka a hawa na huɗu, ta zo ta karɓa. Bai gaya mata sauran ba. Ya bar min wannan aikin.

Na ba ta kujera, na faɗa mata komai, har da hannun hagu. Na nuna mata farar ledar. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta daɗe tana kallon farantin.

"To kai ka ji shi," ta ce.

Na ce na ji.

"Duk duniya kai kaɗai ka rage da ka ji shi."

Na ce haka ne.

"To yi min. Ba sai da kyau ba. Ka yi da baki kawai, in san yadda yake."

Na rufe ido. Ina ganin ɗakin, ina ganin garin yana zuba, ina jin yatsun a hannuna. Na nemi kiɗan, na ji kamar yana nan kusa. Na fara da dum, dum, sannan na bi abin da ya zo min, ina yi a hankali da wannan muryar tawa ta mai sayar da kifi. Na yi nisa, har na fara jin daɗi, ina cewa ashe bai tafi duka ba. Da na buɗe ido na ga tana girgiza kai.

"Wannan na uku ne," ta ce. "Yana kan faifai. Tun ina yarinya na san shi."

Gaskiyarta. Wanda na ji sau dubu ya hau kan wanda na ji sau ɗaya ya danne shi. Na sake gwadawa, na uku ya sake fitowa. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba, kuma ba ni da abin da zan ba ta. Sai na jawo aljihun tebur na ɗauko kwalbar, na ce mata ga shi nan, duka minti goma sha ɗayan suna ciki.

Ta karɓa ta ɗaga a haske. Sannan ta yi abin da har yau ba na son tunawa. Mace mai hankali, ma'aikaciyar asibiti, ta kai kwalbar kunnenta ta girgiza a hankali, ta saurara. Ta ajiye ta a kan injin.

"Ka riƙe," ta ce. "Ni ban san abin da zan yi da ita ba."

Na ji saukarta hawa huɗu har ƙofar waje ta rufe.

Kwalbar tana aljihun rigata ranar Asabar ɗin nan, lokacin da yaron ke nuna min wayarsa. Kullum tana nan. Na so in fito da ita in ɗora masa a tafin hannu, sai na ga bai yi min laifin komai ba. Amma tunda kun ce danna ɗaya ne, kantin yana buɗe kowace rana ban da lokacin Juma'a. Wanda manhajarsa za ta iya, ya zo ya karɓa. Matar tana nan da rai, kuma har yanzu ba ta ji kiɗanta ba.